Gida ba takarda: tarihin matsugunnanmu daga Mai Wurno zuwa garuruwan madatsa

A cikin koke-koken da ake kawowa zauren dattawanmu, wanda ya fi maimaituwa shi ne na magidancin da aka haifa a gida, aka haifi mahaifinsa a wannan gidan, amma ba shi da takarda ko ɗaya da za ta nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmarsa tasa ce. Mun rubuta wa irin waɗannan bayin Allah takardun koke har hannu ya gaji. Ganin an fara maganar sake gina ƙasa da komawar masu gudun hijira, ya sa muka ga ya kyautu mu waiwaya mu ga yadda aka yi muka zauna inda muke zaune, da kuma wanda ya yanke hukuncin.

Mafarin labarin sananne ne. A watan Yuli na 1903 aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a kan hanyar hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya nufo gabas, suka iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, suka sauka a Shaihu Ɗalha, daga baya suka haye suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kudu da Sinnar. Abin lura a nan shi ne, Mai Wurno gari ne da hukumar wancan zamani ta amince da shi, yana da sarkinsa, kuma sarkin ne ke nuna wa baƙo inda zai kafa danga. Bawan Allah zai iso da ƙunshin kayansa a ka, a yanka masa fili, maƙwabta su yi masa gayya, kafin damina ya shiga ɗakinsa. Ba ma cewa zamanin ba shi da nasa zaluncin, amma dai mai rabon filin ya san sunan mai karɓa.

Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai al'amari ya sauya. Gwamnati da kamfanin Ingilishi mai kula da aikin suka shata ƙasa da ma'auni, suka karɓi hayarta daga masu ita a kan kurushi 10 kowane faddan, suka raba ta hawasha-hawasha, aka ja magudanan ruwa tun daga babbar tur'a har zuwa Abu Ishirin da Abu Sitta. An lissafa komai a taswirar, har da ƙauyukan da aka tarar da filin da aka bar musu a kewaye domin su faɗaɗa. Wanda aka manta da shi shi ne mai tsinkar audugar. Aikin ba ya yiwuwa sai da hannun baƙo, daga Darfur da Kurdufan da Chadi da Barno da ƙasar Hausa, kuma da yawa daga cikin namu mahajjata ne da suka tsaya neman guzuri. Sai aka ce su kafa bukkoki a gefen tur'a ko a wani lungun da ba a nomawa, zuwa ƙarshen kaka. Wannan shi ne kambo, kalmar da ta samo asali daga sunan sansani a Turanci.

Shekara ɗari ke nan ana jiran ƙarshen kakar nan. A kambo aka haifi kakanni da jikoki, aka yi makarantun allo, aka sauke Alƙur'ani, aka binne malamai. Amma a idon takarda wurin gona ne, kuma gona ba a ja mata famfo, ba a gina mata asibiti. Saboda haka mutanen kambo da yawa suka rayu suna shan ruwan tur'a, tsargiya da zazzaɓin sauro suna cin 'ya'yansu, alhali ga tankin ruwan ƙauyen da suke yi wa noma suna hange. Mai hali ma yana tsoron yin gini da jan bulo, domin bai san ranar da za a ce ya tashi ba. Da aka mayar da aikin hannun gwamnati a 1950, aka ƙara masa faɗin Manaƙil har ya kai kusan faddan miliyan 2, kambo ya ƙaru, matsayinsa bai canja ba.

A nan ne dokar zama ɗan ƙasa ta shigo ta ɗaure ƙullin. Dokar 1948, da ta 1957 da ta biyo bayanta, sun sanya ƙarshen shekarar 1897 a matsayin iyaka: wanda kakanninsa ba su zauna a ƙasar kafin nan ba, sai ya nemi alfarma. Ku duba lissafin da kanku. Mutanen Burmi sun taso a 1903. Shekara shida kacal suka mayar da jikokin masu hijira baƙi a garin da kakanninsu suka sare dajinsa. Kuma shirin rabon filayen gidaje na hukuma, wanda ake yi da ƙuri'a, farkon abin da yake tambaya shi ne takardar jinsiyya. Dokar 1970 kuwa ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, ta haka zaman shekara hamsin ya tashi ba hujja ba. Dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa farkon 1956, mun gode Allah, sai dai ta tarar an riga an raba mafi kyawun filayen.

Sai labarin Rusairis, wanda ya zo ta wata fuska. An gina madatsar a 1966, aka ƙara mata tsayi da mita 10 aka buɗe a farkon 2013, tafkin ya ninka fiye da sau biyu ya cinye ƙauyukan baki. Wannan karon an yi tsari, har ya yi yawa. Hukumar madatsu ta gina garuruwa 12 ta kwashe iyalai wajen 20,000 zuwa cikinsu, gidaje a jere kamar haƙoran mataji, kuma garuruwan da lamba ake kiransu: Madina ta uku, Madina ta shida. Gaskiya a faɗe ta, wasu sun sami rufin kwano da makaranta a kusa, abin da ba su taɓa samu ba. Amma masunci da manomin jarfi, wato gaɓar da kogi ke ja ya bari da laka mai albarka, dukiyarsu a bakin ruwa take, kuma mai zana gidan bai tambayi inda kwalekwale zai kwana ba. Haka nan gidan Bahaushe yana da zaure da cikin gida da wurin da ɗa zai ja ɗaki in ya yi aure. Gidan da aka auna wa miji da mata da 'ya'ya ƙanana, bayan shekara goma ya yi wa iyali kaɗan.

Mafi nauyi shi ne an tara al'ummomi dabam-dabam a wuri guda ba tare da an warware wa kowa ba ko gonar da ke bayan gari ta wace ce, kuma a ƙarƙashin wace sarauta. Mun ga abin da ya biyo baya a Yuli da Oktoba na 2022, a Rusairis da Wad al-Mahi, lokacin da maganar masarauta da mallakar ƙasa ta zama jini, ɗaruruwa suka rasu daga kowane ɓangare, dubbai suka bar gidajen nan masu lamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, namu da na maƙwabtanmu.

Yanzu yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya watsa mutanen Jazira da Sinnar, kuma mutanen kambo na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Masu komawa za a tambaye su hujja. Shi ya sa dattawa suka umarce mu da mu fara rubuta kowane gida da sunan mai shi da shekarar da aka kafa shi da maƙwabtansa na gabas da yamma, a haɗa da rasidin haraji, da takardar aure, da shaidar liman da mai unguwa. Wanda ke da tsohuwar takarda, ko ta yage, ya ɗauki hotonta da waya ya aika wa ɗan'uwansa a wani gari kafin damina ta sauka.