Tsarabar Fagen Fama

Wani malaminmu na tarihi da ya yi karatu a Amurka yana da wata hula da ya rataye a ofishinsa, wadda ya cika da 'yan ƙananan bajoji masu allura a baya. Kowane baji na wani fagen yaƙi ne da ya ziyarta. Akwai na Gettysburg, inda Amurkawa suka gwabza da junansu kwana uku a watan Yuli na 1863, akwai na Waterloo ta ƙasar Beljiyam, inda aka karya Napoleon a 1815. Ya ce a can, in ka gama zagaya fili, akwai kanti a bakin ƙofa, sai ka sayi baji ka maƙala, kowa ya san ka je. Abin ya ba ni sha'awa, ya kuma ɗan ba ni haushi, domin ni ɗan ƙasar Mafara ne, kuma na san ƙasarmu ba ta gaza kowace ƙasa shan yaƙi ba.

To, mai karatu ya duba. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa a ƙarƙashin Babari suka ci Birnin Zamfara, sarautar ta yi ta ƙaura har ta tabbata a Anka. A farkon 1805, bayan asarar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi a Tsuntsuwa, ƙasar Zamfara suka dawo neman abinci, suka zauna a Sabon Gari, kuma daga nan Malam Abdullahi ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi. Daga baya Zamfarawa da jama'a suka ɓata, aka yi ta kai-kawo shekaru masu yawa. Duk wannan a kan gonakinmu aka yi shi, amma babu ko allo guda da zai gaya wa baƙo.

Saboda haka na ƙudura zan tara tawa tsarabar. Tun kafin hanyoyi su gagara, duk hutu sai in ɗauki keke in bi kufai da tsofaffin ganuwoyi tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ina tambayar manoma abin da garma ke tonowa a lokacin huɗa. A gindin ganuwar Bakura na samu kan kibiya biyu da tsatsa ta cinye. A wajen Maradun wani ya ba ni guntun likkafa. Gaskiya ita ce, ba wanda zai iya rantsewa cewa na yaƙi ne. Mai yiwuwa kibiyar maharbi ce da ya kuskure gada. Amma na zuba su cikin gwangwanin madara, na rubuta wa kowanne sunan wurin da ya fito, ina jin kaina wani babban masani.

Abin da ya kai ni Birnin Tudu kuwa shi ne tawayen Mafara na 1891, a farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Na ji cewa jayayya tsakanin Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura a kan wannan gari tana cikin musabbabin tawayen, wanda Sakkwato ta murƙushe. Sai aka haɗa ni da wani dattijo, aka ce shi ya san labarin dā. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo neman labarin yaƙin da aka yi a nan, in kuma da wani abin da ya saura, a taimake ni."

Ya dube ni, ya ce, "Wane daga ciki, yaro?"

Na ce na zamanin Ɗanyen Kasko. Ya ce wannan kakanninsa ne suka gani, shi bai da abin cewa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Kwanson harsashi ne guda ɗaya.

A nan dole in tsaya, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu sun san Bakolori da shinkafa kawai. An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin, aka gama ta a 1978. Ruwa ya shanye garuruwa da gonaki a sama, aka karɓe filayen mutane a ƙasa don a baje su a yanka hanyoyin ruwa, suka yi damuna bayan damuna ba su shuka ba. Fadamar da ke rayuwa da ambaliya kuma ta bushe. Diyya ta zo a makare, wasu ba ta zo musu ba sam. Manoma suka tare hanyoyi, suka hana aiki tafiya. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, Birnin Tudu na cikin garuruwan da abin ya fi shafa. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun kawo adadin 386. Ni a ganina, ratar da ke tsakanin lissafin nan biyu ita kanta babi ce ta tarihi da ba mu karanta ba tukuna.

Dattijon ya ce a ƙofar zauren wansa ya tsinci kwanson, washegari, kuma ba a nuna musu inda aka kai gawar ba. Ni kuwa, da wautar ƙuruciya, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ko za ka bar mini in adana?" Har na kai hannu aljihu. Bai yi faɗa ba. Ya naɗe tsummansa a hankali, ya ce, "Kai kana da kabarin da kake kai wa ziyara. Ni wannan ke gare ni." Sannan ya kira jikarsa ya ce ta kawo wa baƙo fura.

Da na koma makaranta na ba malaminmu labari. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma a Gettysburg haramun ne mutum ya tono wani abu daga filin ya tafi da shi, shi ya sa ake sayar da baji. Ya ƙara da cewa baji ba ya yiwuwa sai inda aka gama ƙirga matattu aka yarda da adadinsu.

Yanzu ba na bin hanyoyin nan. Tun da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, ko mahaifiyata ba ta yarda in ratse daga kwalta. Wani ɗan ajinmu daga Maradun ya ce a ƙauyensu yara na tsintar kwanson harsashi a gona suna busawa kamar usur. Gwangwanina na nan a ƙasan akwati, da kan kibiya biyu da guntun likkafa, da wata 'yar takarda da na rubuta wa "Birnin Tudu" tun kafin in tashi daga gida ran nan.