Yadda Aka Koyi Sanin Abin da Ke Cikin Ƙasa

A ƙasar Ƙanƙara, ta kudancin Katsina, Allah ya ajiye farar ƙasa mai yawa. Tun zamanin kakanni mutane ke haƙar ta suna shafe ɗakuna. A wancan lokaci ido da hannu su ne ma'auni. Mai haƙa ya dubi farinta, ya murtsuka ta tsakanin yatsu, in ya ji ba tsakuwa sai ya ce ta yi. Haka maƙeri yake zaɓen tama, ya ɗaga ya ji nauyinta. Amma ido iyakarsa bayan abu, ba ya shiga ciki.

Hanyar leƙa cikin ta fito ne daga Jamus. A shekarar 1859 waɗansu masana biyu na birnin Haidelbag, Bunsen da Kirchhoff, suka tsananta bincike a kan wani abu da kowace mai girki ta sani, watau in gishiri ya zuba a wuta sai harshenta ya koma rawaya. Suka bi da hasken wutar ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya rarrabu kamar bakan gizo. Sai suka ga kowane sinadari yana da nasa layukan haske, ba ya tarayya da wani, kamar yadda zanen yatsan mutum ba ya zama na ɗan'uwansa. Da wannan dabara suka gano sababbin sinadarai biyu, a 1860 da 1861. A 1919 kuma wani Bature na Kambirij a Ingila, Aston, ya ƙera na'ura mai rarrabe ƙwayoyin zarra bisa ga nauyinsu.

Ilmin nan ya daɗe kafin ya zauna a Arewa. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sa'an nan malamanta suka yi ta ɗibar farar ƙasar Ƙanƙara suna awo. Tatacciyar farar ƙasa, in an kasa ta kashi 100, wajen kashi 46 sinadarin yashi ne, wajen 40 na alminiyam ne, ƙarfen nan da ake tukwane da shi, saura ruwa. Abin da awo ke nema shi ne baƙin da suka cuɗanya da ita, musamman ƙarfe, domin kaɗan daga gare shi ya isa ya dushe farinta. Masu yin fenti da takarda da tangaran fari suke saye. Saboda haka buhu biyu da ido ya ga daidai suke, awo yakan raba kuɗinsu.

To, wannan maganar ciniki ce. Maganar rai ta zo a 2010, a Zamfara, wadda ke iyaka da Faskari. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yar Galma, suka dukufa neman zinariya. Suna kawo duwatsu cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin gari. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara suka dinga suma suna mutuwa, aka ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, aka ba da magani, a banza. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika da jinin yaran aka auna, kana aka san gubar dalma ce. Masana daga Amurka suka zo da wata na'ura ta hannu, wadda ke harba haske irin na hoton ƙashi a ƙasa, nan take ta faɗi abin da ke ciki. A waɗansu gidaje suka tarar dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka auna. Yara wajen 400 suka rasu.

Abin lura, irin duwatsun nan masu zinariya ba su tsaya a Zamfara ba, sun miƙa kudu har Birnin Gwari, maƙwabciyar Sabuwa, kuma ba mai iya rarrabe mai guba da marar guba da ido. A Zamfara na'urar ce ta nuna gidajen da za a kankare ƙasarsu a zuba sabuwa, domin yaron da aka ba magani, in ya koma cikin ƙurar nan, gubar komowa take yi. Bagega, babban ƙauyen da abin ya shafa, sai a 2013 aka share shi, sa'an nan aka fara ba yaransa magani.