Tuffa, Sukari da Kirfa: Yadda Abincin Baƙi Ya Zama Tutar Amurka

Daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin kakar tuffa a arewacin Amurka, ƙamshi iri ɗaya ne ke tashi daga ɗakunan girki: tuffa da kirfa da sukari suna dahuwa a tanderu. Abin da ake gasawa shi ne fai ɗin tuffa, ɗan'uwan fai ɗin nama da aka saba gani a kantuna, sai dai wannan na zaƙi ne, faɗinsa kuma ya kai faranti. Ana murza kwaɓin fulawa da bota a shimfiɗa a kwano, a cika da yankakkiyar tuffa, a rufe da wani kwaɓin, a gasa kimanin awa guda. Wasu kan kwarara masa karamel, wato sukarin da aka narkar a wuta har ya yi duhu kamar mazarƙwaila, aka gauraya da bota da madara mai kauri.

Amurkawa sun ɗauki wannan abinci tamkar tuta. In suna so su ce abu nasu ne gaba da baya, da fai ɗin tuffa suke kwatanta shi. Amma in aka bi kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya, da wuya a sami wanda asalinsa can ne. Alkama daga Gabas ta Tsakiya ta fito, shanun da ake tatsa Turawa ne suka shigo da su a jiragen ruwa, sauran kayan kuwa kowanne da doguwar tafiyarsa.

Itacen da ba ya gadon uwarsa

Kakan tuffar da ake ci a yau wani itacen daji ne da ke tsirowa a gangaren duwatsun Tiyan Shan, a kudu maso gabashin Kazakistan. Sunan birnin Almati ma daga kalmar tuffa ya samo asali a harshen mutanen wurin. Masanin tsirrai ɗan Rasha, Nikolai Vavilov, ya shiga waɗannan dazuzzuka a 1929, ya yanke cewa nan ne mahaifar tuffa, binciken ƙwayoyin halitta kuma ya gaskata shi daga baya. Fatake da dabbobinsu ne suka yaɗa irin a kan hanyoyin ciniki har ya kai Farisa da Girka da Rum.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma tuffa ta saɓa wa wannan karin magana. In aka shuka ƙwaya biyar daga tuffa ɗaya mai zaƙi, itatuwa biyar mabambanta za su fito, galibinsu masu tsami. Hanyar riƙe iri mai kyau ita ce aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshen itacen da ake so a haɗa da gindin wani. Rumawa sun ƙware a wannan sana'a, kuma su suka baza ingantattun irin tuffa a Turai.

Bayanin haɗa fai ɗin tuffa mafi daɗewa da aka sani yana cikin wani kundin girki na Ingila na ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Richard na II. Ya ambaci tuffa da ɓaure da zabibi da za'afaran, amma babu sukari a ciki, domin a lokacin sukari kayan sarakai ne, ana auna shi kamar magani. Ɓawon fulawar ma mai tauri ne, aikinsa riƙe abinci kamar tukunya, sau da yawa ba a cin sa.

Gonar tuffa a matsayin shaidar mallaka

Turawan da suka sauka a Arewacin Amurka a ƙarni na 17 sun tarar da 'yan ƙananan tuffar daji ne kawai masu bauri. Da kansu suka kawo iri, har da ƙudan zuman da aka sauke a Bajiniya a 1622. Wajen 1625 wani malamin coci, William Blaxton, ya dasa gonar tuffa a inda birnin Boston yake a yau.

Da farko ba don ci aka fi nomanta ba. Matse ta ake yi a mayar da ita giya, wadda kusan kowane gidan ƙauye ke sha. John Chapman, wanda ya rayu daga 1774 zuwa 1845, wanda kuma 'yan makaranta suka sani da laƙabin Johnny Appleseed, ƙwaya yake shukawa a yankunan Ohio da Indiyana ba tare da aure ba, don haka yawancin itatuwansa tsami gare su, sun fi dacewa da matsa. Ciniki yake yi da baƙin da ke kwararowa yamma, domin a wani yanki na Ohio sharaɗin ba mutum fili kyauta shi ne ya dasa tuffa 50 cikin shekara uku. Gonar tuffa ta zama shaidar cewa mutum ya zauna, ƙasa ta zama tasa.

Masu ƙasar na asali ma sun karɓi itacen. Ƙabilun Iroquois sun raya manyan gonakin tuffa a jihar New York ta yau, har zuwa 1779, lokacin da George Washington ya tura rundunar Janar John Sullivan ta ƙone garuruwansu, ta sare itatuwan. Shekara 17 bayan haka, a 1796, Amelia Simmons ta wallafa littafin girki na farko da wani ɗan Amurka ya rubuta, da fai ɗin tuffa a ciki. Sauyi na ƙarshe ya zo da yaƙin da aka yi da shan giya, wanda ya kai ga haramta ta daga 1920 zuwa 1933. Manoma suka koma ga irin da ake ci, suka tallata tuffa a matsayin abincin lafiya.

Wa ya biya kuɗin zaƙin?

Sunayen tuffa da sukari da kirfa duk daga Larabci Hausa ta aro su, abin da ke nuna hannun da waɗannan kaya suka biyo kafin Turawa su mamaye cinikinsu. A Niyugini aka fara noman rake, a Indiya aka koyi daskarar da ruwansa ya zama sukari, Larabawa suka kai shi gaɓar Bahar Rum. A 1493 Kolumbus ya ɗauki rake zuwa tsibiran Karibiyan a tafiyarsa ta biyu.

Daga nan farashi ya fara karyewa, kuma ba boyayyen dalili ba ne ya karya shi. Mutane kimanin miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga gaɓar Afirka, mafi yawansu aka kai su Birazil da Karibiyan, inda gonakin rake suka fi kowace sana'a cin rayuka. Cikin waɗanda aka kai Bahiya, cibiyar raken Birazil, har da Hausawa, waɗanda tarihin ƙasar bai manta da yunƙurin borensu na 1807 ba. A 1700 abin da mutum ɗaya ke sha na sukari a Ingila bai kai kilo 2 a shekara ba. Zuwa 1800 ya kai kusan kilo 8. Tsakanin bayanin haɗa fai na ƙarni na 14 da ba shi da sukari da littafin Amelia Simmons da ke da shi, gumin bayi ne ya cike gurbin.

Kayan ƙamshin ma da jini aka same su. Kirfar Sirilanka ta sa Fotugal da Holan da Ingila suka yi ta karɓe tsibirin daga hannun juna. Gyaɗar ƙamshi kuwa a wancan lokacin a tsibiran Banda na Indunusiya kaɗai take fitowa, kuma a 1621 kamfanin cinikin Holan ya hallaka mafi yawan mazauna wurin don ya riƙe kasuwarta shi kaɗai. A yarjejeniyar Breda ta 1667, Ingila ta haƙura da ɗan tsibirin Run na Banda, Holan kuma ta haƙura da Manhattan, zuciyar birnin da a yau ake wa laƙabi da Babbar Tuffa.

Daga araha zuwa alama

Karamel ɗan zamanin araha ne, domin sai wanda sukari ya wadace shi ke iya ƙona shi da gangan. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyas, sai ya narke, ya yi ja, ya ɗauki ɗan ɗaci da ke daidaita tsamin tuffa. A ƙarshen ƙarni na 19, wasu 'yan'uwa mata biyu masu otal ɗin Tatin a garin Lamotte-Beuvron na Faransa sun yi suna da gasa tuffa a cikin karamel. A Amurka, Milton Hershey da alewar karamel ya fara arziki, ya sayar da kamfanin a 1900 kan dala miliyan ɗaya, sannan ya koma cakulan. Zuwa shekarun 1950, tuffar da aka soke da tsinke aka tsoma a karamel ta zama kayan kwalamar kaka.

Abin da ya mayar da fai ɗin tuffa na Amurka shi ne maimaici. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Abraham Lincoln ya ayyana Ranar Godiya ta ƙasa a watan Nuwamba, daidai lokacin da rumbuna ke cike da tuffa. Shaƙuwar ta kai ga cewa a matsin tattalin arzikin shekarun 1930 iyalai kan haɗa na jabu da biskit da lemon tsami da kirfa, babu tuffa ko ɗaya a ciki. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, uwa da fai ɗin tuffa suka zama taƙaitaccen sunan gidan da soja ke begen komawa.

A yau Sin ce ke noma kusan rabin tuffar duniya, dazuzzukan Almati kuwa sun ragu ƙwarai saboda faɗaɗar birni da sare itace. Wannan asara ta shafi kowane manomi, domin itatuwan aure kwafin juna ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka, kuma a jikin itatuwan dajin ake neman juriyar da suka rasa. Shi ya sa daga 1989 zuwa 1996 masana daga Amurka suka yi ta zuwa Asiya ta Tsakiya suna tattaro iri. An shuka shi a garin Geneva na jihar New York, a yankin da rundunar Sullivan ta sare gonakin tuffar ƙabilar Seneca a 1779.