Daga Bugun Ƙasa zuwa Kartar Salula: Tarihin Masu Neman Sanin Gobe

A daminar da ta wuce, bayan an fitar da sakamakon jarrabawar BAC, ɗiyar yayata ta zo gidana a unguwar Bukoki, a nan Yamai. Ta ci jarrabawa a sashen kimiyya, dangi sun yi ta guɗa, amma ita fuskarta ba walwala. Bayan sallar isha'i ta miƙo mini salularta ta ce, "Kawu, duba abin da ya fito mini." Na ga hoton wani mutum an rataye shi ta ƙafa ɗaya, kansa a ƙasa, ga bayani da Faransanci wai wannan alama ce ta dakatawa da sake tunani. Ta ce karta ce da ake kira tarot, ƙawayenta na lise duk suna jan ta kafin su yanke shawara, kuma ba duba ba ne, hanya ce kawai ta yin nazari.

Kwana biyu bayan haka mahaifiyarta ta kira ni gefe ta ce, "Malam, na je wajen wani mai bugun ƙasa, na ba shi jika biyar, ya ce hasken yarinyar nan yana hanyar asibiti." Uwa ta je ga rairayi, ɗiya ta je ga salula, kuma babu wadda ta gaya wa ƴar'uwarta. Ni da na fito daga makarantar horon malamai ta Maraɗi, na shafe sama da shekara 20 riƙe da alli, sai na ga ban san asalin ko ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu ba. Na shiga bincike, kuma abin da na samu ne nake so in raba da ƴan'uwana malamai da iyaye.

Bari mu fara da namu na gida. Bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilmur ramli ko haɗɗur ramli, ya daɗe a ƙasashen nan. Mai bugu yakan baje rairayi mai laushi, ya ɗiga layuka 16 da yatsa ba tare da ƙirgawa ba. Sai ya bi kowane layi yana share ɗigo bibbiyu, har ya rage ɗaya ko biyu. Kowane layi huɗu suna ba da siffa guda, don haka ya samu siffofi huɗu da ake kira uwaye. Daga uwayen nan yake fitar da ƴaƴa, ya ci gaba da haɗa siffa da siffa har ya kai ga wadda ake ɗauka a matsayin alƙali. Tun da kowace siffa hawa huɗu ce, kowane hawa kuma ɗigo ɗaya ne ko biyu, siffofin duka 16 ne, ba ƙari ba ragi: biyu sau biyu sau biyu sau biyu. Malamin lissafi zai ji daɗin wani abu a nan. Idan aka bi ƙa'idar daidai, jimillar ɗigon alƙali kullum tana rabuwa biyu ba saura, wato siffofi 8 kaɗai ke iya hawa wannan kujera. Masu bugun da suka ƙware da wannan suke gane ko sun yi kuskure a hanya.

Littafin da ya fi shahara a fannin shi ne na Muhammad az-Zanati, wani malamin Afirka ta Arewa. Tun ƙarni na 12 aka fassara ilimin ramli daga Larabci zuwa Latin a ƙasar Andalus, ya bazu cikin Turai. Ya kuma kai tsibirin Madagaska, inda ake kiran irinsa sikidi. A ƙasar Hausa, bincike a kan haruffa da hatimi da lissafin taurari ya fitar da malami irin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan hatimin lissafi a shekarar 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan mahaifin masanin tarihin Masar, al-Jabarti. Ke nan ba aikin jahilai ba ne tun asali. Masu tawada da allo ne suka riƙe shi.

Amma tun da can malamai ba su bar shi ya wuce ba tambaya ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin yadda ake bugun, sannan ya nuna cewa ƙa'idojinsa mutane ne suka tsara su, kuma ba a kai wa ga gaibu ta hanyar wata sana'a. A bakin wannan kogi namu, Askiya Muhammadu, wanda ya hau mulkin Sangai a 1493, ya aika wa Shehu al-Magili tambayoyi, ciki har da batun masu da'awar sanin ɓoye ta hanyar rairayi da taurari da kukan tsuntsaye. Al-Magili ya ba da amsa mai tsauri, ya ce a hana su. Bayan kimanin shekara 300, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sake sukar wannan ɗabi'a a littafinsa Nurul Albab. Abin lura shi ne, duk da wannan suka ta ƙarni bayan ƙarni, ga yayata a Yamai ta yau tana miƙa jika biyar. Lallai akwai wata buƙata a zuciyar mutane da hani kaɗai bai biya ba.

Yanzu mu koma ga kartar salula. Na ɗauka wani tsohon sirri ne na Turawa, sai na tarar abin wasa ne. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma daga Masar ta zamanin Mamaluka ta fito. Har yau akwai wani tsohon jerin kartar Mamaluka a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul, mai alamun kofi da tsabar kuɗi da takobi da sandar wasan ƙwallon dawaki. Wajen shekarun 1440, a biranen arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara wa karta wasu ganye masu hotuna don a ƙawata wasan sarakuna da attajirai. Daga nan aka samu jeri mai ganye 78: guda 56 na kullum, da 22 masu hotuna. Sama da shekara 300 ana buga ta kamar yadda dattawa ke buga dara a gindin bishiya, kuma har gobe a Faransa ana wasan tarot don nishaɗi, da ƙungiyarsa ta ƙasa da gasanninsa.

Sai a 1781 wani Bafaranshe mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa hotunan nan ragowar littafin hikimar tsoffin Misirawa ne. Bai kawo hujja ba, kuma a lokacin babu wanda ya iya karanta rubutun Fir'aunoni. Sai a 1822 Champollion ya warware shi, ba a kuwa sami tarot a ciki ba. Amma labari mai daɗi ya riga gaskiya isa kasuwa. Wani ɗan Paris da ke kiran kansa Etteilla ya mai da karta sana'ar duba, ya tsara wa kowane ganye ma'ana. A 1909 aka buga a Landan jerin da Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana, wanda shi ne aka fi kwaikwayo a salula yau. A ƙarni na 20 wasu da suka karanta ra'ayoyin masanin halayyar ɗan Adam, Carl Jung, suka sake mata riga: suka ce karta ba ta faɗin gobe, madubi ce da mutum ke ganin zuciyarsa a ciki. Wannan ita ce maganar da ta iso bakin ɗiyar yayata.

Shi kansa mutumin da aka rataye yana da nasa tarihi. A Italiya ta wancan zamani, idan mutum ya ci amanar gari, akan zana shi a bango a rataye ta ƙafa don a kunyata shi, har wasu tsoffin rubuce-rubuce na kiran ganyen da sunan maci amana. Hoton da jiya yake nufin cin amana, yau salula ta ce yana nufin haƙuri da sake tunani. Hoto bai sauya ba, masu fassara ne suka sauya. Abin da Ibn Khaldun ya faɗa a kan rairayi ya hau kan karta daidai wa daida.

Da na gama wannan karatu, sai na zaunar da yarinyar. Ban yi mata faɗa ba. Na ce, "Lokacin da kika ga an ce ki dakata, me kika ji a ranki?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, sanyi na ji." Na ce, "Sanyin me?" Sai hawaye. Ashe tun tana aji na ƙarshe a kwaleji take son karatun aikin gona. Tana tuna gonar kakanta da zaizayar ƙasa ta cinye, tana son sanin yadda ake farfaɗo da irin wannan fako. Amma tun ranar da ta ci BEPC kowa a gida ke kiranta likita, har ta kasa buɗe baki. Da karta ta ce ta ci gaba da abin da aka tsara mata, da ta sake ja. Ta amsa mini cewa sau uku ta ja a daren kafin ta sami wadda ta kwanta mata.

Na koma wajen yayata na ce, "Yaya, kafin mutumin nan ya buga ƙasa, me kika gaya masa?" Ta ce ta gaya masa komai: yarinya ta ci kimiyya, kuma burinta ta ga ta sa farar riga kafin ta bar duniya. To, mai karatu, ka ga inda zancen yake. Rairayi ya mayar wa uwa da muryarta, karta ta mayar wa ɗiya da tata. Kowaccensu ta je neman wanda zai faɗa mata abin da ta riga ta sani, domin faɗinsa a gida yana da nauyi.

A nan ne nake ganin gaskiyar masu cewa karta madubi ce, da kuma iyakar maganarsu. Gaskiya ne ta sa yarinyar ta ji abin da ke ranta. Amma madubi bai san shekara nawa karatun likita ke ɗauka ba, bai san ko gida zai iya ɗaukar nauyi ba, bai san wane aiki ke jiran wanda ya karanta noma ba. Kuma yaro ɗan shekara 18 da ke cikin fargaba ba ya tsayawa a kan iyakar da ke tsakanin nazari da duba. Yau yana cewa tunani yake yi, gobe ba ya iya fita gida sai ya ja ganye. Ga mu Musulmi kuma, hukuncin neman sanin gaibu a wajen wani mahaluki sananne ne. Abin da aka koya mana shi ne shawara da istihara: ka tambayi masana, ka yi nafila raka'a biyu ka roƙi zaɓin Allah, sannan ka ɗaura niyya. Istihara ba ta ɗauke wa mutum wahalar bincike, ba kuma kwangila ba ce da ake bai wa wani ya kwana ya yi mafarki a madadinka.

Turawa suna furta sunan kartar nan kamar a ce "taro". Sai na ce wa yayata, to, mu yi namu taron na Hausa. Muka zauna a tsakar gida, da ita da mijinta da yarinyar. Kafin nan na ba yarinyar takarda ta amsa tambaya huɗu da hannunta: wane darasi ne take karantawa ko ba jarrabawa; wane aiki ne za ta iya jure wahalarsa; wa take tsoron ɓata wa rai; kuma wa ta sani da ke wannan aiki. Ta huɗun ba ta da amsa, don haka na haye da ita Gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take da tsangayar aikin gona, kuma cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban fari tana can. Ta yi hira da wani tsohon ɗalibina da ya karanta fannin, bai ɓoye mata rana da ƙura da jiran aiki ba. Ta kuma yini da wata ma'aikaciyar asibiti, maƙwabciyarmu, ta ji labarin kwanan aiki da ganin jini.

Ina ganin laifinmu ne mu malamai kafin na kowa. Muna koya wa yaro warware lissafi mai wuya, amma har ya bar hannunmu ba mu taɓa tambayarsa me yake so ya zama, kuma don me ba. Zaɓen sashe bayan BEPC sau da yawa maki ne ke yanke shi, zaɓen tsangaya bayan BAC kuma surutun dangi da ƙawaye. Inda muka bar gurbi, nan mai rairayi da mai salula suke shimfiɗa tabarma. Awa ɗaya a wata ta isa malami ya gayyato makaniki ko ungozoma ko malamin gona cikin aji, yara su yi masa tambaya. Iyaye kuma, mu rage laƙaba wa yaro sunan aiki tun yana ƙarami, domin abin da muke faɗa da wasa shi yana ɗaukarsa bashi.

Yarinyar ta yi istihararta, ta yi rajista a tsangayar aikin gona. Yayata ba ta gama haɗiye abin ba. Har yanzu idan ta ga ɗaliba da farar riga takan yi ajiyar zuciya. Amma a satin da ya wuce na same su biyu a bayan gida suna duba wani zogale da ƴan tumatir da yarinyar ta dasa, uwa na tambaya, ɗiya na bayani. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, sai an taru. Gobe kuwa ta Allah ce. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace.