Daga Gadar Kennedy Zuwa Kotun Abuja: Yadda Ƙungiyoyin Farar Hula Suka Haɗa Kai a Afirka ta Yamma

Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban jami'a da ke ƙoƙarin tsallaka Gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku daga cikinsu. Bayan kwana goma, a Kwatano, wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da lauyoyi da shugabannin addini suka zauna taron ƙasa a ƙarƙashin jagorancin limamin Katolika Isidore de Souza. Kafin watan ya ƙare sun sanar cewa taronsu ya fi ƙarfin gwamnati, kuma Janar Mathieu Kérékou, wanda ya riƙe Benin tun 1972, ya haɗiye maganar. Babu wanda ya shirya abubuwan nan biyu tare, amma labarin Kwatano bai daɗe ba ya iso Yamai. Ɗalibai da 'yan ƙwadagon Nijar suka matsa wa Janar Ali Saibou lamba har ya yarda da irin wannan taro, wanda aka buɗe ranar 29 ga Yulin 1991 da Farfesa André Salifou a kujerar shugabanci. Kafin nan ma, ranar 13 ga Mayu, matan Yamai sun cika titi saboda an ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya taron.

Haka haɗin kan ya fara, da kallon abin da maƙwabci ya yi. Ofis da takardar yarjejeniya daga baya suka zo.

Tsallaka iyaka don neman 'yanci ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1920 lauya Casely Hayford ya tara 'yan boko na Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya a Akra, a 1925 kuma Ladipo Solanke ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a Landan. Da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, mutanenta da dama a Kano suka samu mafaka wurin 'yan NEPU. Sai dai waɗancan da Turawa ko da jam'iyya mai mulki suke yi, kuma burinsu karɓar mulki ne. Abin da ya bambanta ƙungiyoyin shekarun 1990 shi ne, a bakinsu dai, ba kujera suke nema ba. So suke a kafa ƙa'idar da za ta ɗaure duk wanda ya hau kujerar.

Cikin 'yan shekaru suka yi ta tsirowa. A Legas akwai CLO tun 1987. A 1990 aka kafa RADDHO a Dakar da GERDDES a Kwatano, wadda ta yi suna wajen tura masu sa ido kan zaɓe zuwa ƙasashen maƙwabta. A 1991 Nijar ta samu ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam da Timidria mai yaƙi da bauta. A 1992 lauya Halidou Ouédraogo ya jagoranci haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi a inuwa ɗaya mai hedikwata a Wagadugu. Amma akwai katangar da Turawa suka bari: na Dakar da Yamai Faransanci suke yi, na Legas da Akra Ingilishi. Ɗan fafutuka daga Maraɗi ya fi sanin abin da ake ciki a Faris a kan abin da ake ciki a Kaduna, alhali idan ya haɗu da takwaransa na Kadunan, da Hausa za su yi hira.

Azaba ce ta fara rushe katangar. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, sannan Janar Sani Abacha ya hau, 'yan adawa da 'yan jarida da yawa ta kan iyakar Benin suka sulale, wasu suka zauna Kwatano da Akra, wasu suka wuce Turai. Cikin masu gudun hijirar ne aka kafa cibiyar CDD a Landan a 1997, Kayode Fayemi na cikin jagororinta, kuma tun farko ta ɗauki Afirka ta Yamma gaba ɗaya a matsayin fagen aikinta. A shekarar ne kuma Farfesa Kwame Karikari ya buɗe gidauniyar MFWA a Akra don bin kadin 'yan jaridar da ake kamawa a ko'ina cikin yankin. A 1998 wani ɗan Laberiya, Sam Doe (ba tsohon shugaban ƙasar ba), da wani ɗan Gana, Emmanuel Bombande, suka kafa WANEP, saboda sun ga yaƙin Laberiya ya malala Saliyo, ya doshi Gini, ba tare da ya nemi biza ba.

Daga reshen mata na WANEP ne abin da ya fi shahara ya fito. A 2003 matan Manrobiya, Kiristoci da Musulmi, suka sa fararen kaya suka yi ta zaman dirshan suna neman a tsagaita wuta. Da aka kai tattaunawar sulhu Akra ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai suka bi sawu, suka tare ƙofar zauren, suka ce babu madugun yaƙin da zai fita sai an daidaita. Mai shiga tsakani a lokacin Janar Abdulsalami Abubakar ne. An sa hannu ranar 18 ga Agusta, mako guda bayan shugaban Laberiya Charles Taylor ya tafi Kalaba. Leymah Gbowee, wadda ta ja ragamar matan, ta samu kyautar Nobel a 2011.

Duk wannan lokaci ECOWAS, ko CEDEAO a bakin mutanen Nijar, ƙungiyar shugabanni ce zalla. Gowon da Eyadéma, sojoji biyu, su suka yi ɗawainiyar kafa ta a Legas a 1975, kuma maganar ciniki da kwastan ce ta haɗa su. Yaƙe-yaƙe da matsin lambar ƙungiyoyi ne suka sa ta canza sheƙa. A Disambar 2001, a Dakar, shugabannin suka sa hannu a kan yarjejeniyar dimokuraɗiyya da shugabanci nagari, wadda ta ce ba za a amince da mulkin da aka samu ba bisa tsarin mulki ba, ta kuma hana taɓa dokar zaɓe idan saura wata shida a kaɗa ƙuri'a, sai da yardar mafi yawan 'yan siyasa. A Disambar 2003, zamanin da Mohamed Ibn Chambas ke sakataren ƙungiyar, aka ƙaddamar da WACSOF a Akra, wato dandalin da ƙungiyoyin farar hula za su riƙa magana da ECOWAS da murya ɗaya. WANEP kuma ta zama idon ECOWAS a ƙauyuka da birane wajen hango rikici kafin ya ɓarke.

Amma makamin da ya fi kaifi ya zo ne a 2005, lokacin da aka yi wa dokar kotun ECOWAS da ke Abuja gyara. Daga nan talaka na iya kai ƙarar gwamnatinsa a kan tauye haƙƙi kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Wataƙila shugabannin da suka sa hannu ba su auna nauyin abin ba. Ƙungiyoyin kuwa sun auna.

Shari'ar Hadijatou Mani ce ta nuna haka. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jaka 240 na sefa, ta zama wahayya a gidan wani mutum a yankin Birnin Ƙonni, ta yi shekara tara tana aikin gida da gona, ta kuma haifa masa 'ya'ya. Nijar ta mai da bauta babban laifi a dokarta a 2003, mutumin ya ba ta takardar 'yanci a 2005, amma ya kafe cewa matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka yanke wa ɗaurin wata shida da laifin aure a kan aure. Timidria ce ta tsaya mata a gida, ƙungiyoyin Anti-Slavery International da Interights suka taimaka da lauyoyi da ƙwarewa, alƙalan kotun suka taso daga Abuja suka zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoban 2008 suka ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, suka umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnatin ta amince da hukuncin, ta biya. A nan kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi: ba don 'yan Timidria da suka san hanyar ƙauyen da harshen mutanensa ba, lauyoyin waje ba za su taɓa jin labarinta ba.

Ba kowace gwamnati ce ta yi irin ta Nijar ba. MFWA ta kai ƙarar Gambiya a kan ɗan jarida Ebrima Manneh, wanda jami'an tsaro suka ɗauke a Yulin 2006 aka daina jin ɗuriyarsa. Kotu ta ce a sake shi a biya dala 100,000. Shugaba Yahya Jammeh ya yi kunnen uwar shegu, a 2009 ma gwamnatinsa ta kawo shawarar a rage wa kotun ƙarfi. Ƙungiyoyi daga ƙasashe daban-daban suka yi caa, suka bi ministocin shari'a ɗaya bayan ɗaya, shawarar ta mutu. Manneh dai ba a sake ganinsa ba. A Najeriya, ƙungiyar SERAP ta mai da kotun tamkar gidanta, daga shari'ar haƙƙin yara na samun ilimi zuwa ta dakatar da Twitter, wadda kotu ta ce a 2022 ya saɓa doka.

Bayan kotun, tazarce ne jarrabawa ta biyu. Majalisar dattawan Najeriya ta binne na Obasanjo a Mayun 2006. A 2009 shugaban Nijar Tandja Mamadou ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. 'Yan ƙwadago da ƙungiyoyi suka fito, aka kama ɗan fafutuka Marou Amadou, takwarorinsu na waje suka ɗauki yarjejeniyar Dakar suna karanta wa ECOWAS abin da ta rubuta da hannunta. A Oktoba aka dakatar da Nijar. Sai dai gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, sojojin Salou Djibo ne suka kawo ƙarshen maganar ranar 18 ga Fabrairun 2010, kuma da yawa cikin masu kiran dimokuraɗiyya sun yi tafi.

Bayan nan wani sabon zubi ya ɓullo, na matasan da ba su da ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Mawaƙa da 'yan jarida suka kafa Y'en a Marre a Dakar a 2011 suka taka wa Abdoulaye Wade burki; Balai Citoyen ta Burkina Faso ta koyi darasi daga gare su, tana cikin waɗanda suka kori Blaise Compaoré a Oktoban 2014. A Maris na 2015 an kama wasu jagororin ƙungiyoyin biyu a Kinshasa, inda suka je tattaunawa da matasan Kwango. Bayan wata biyu, a taron shugabanni a Akra, aka kawo shawarar kada kowa ya wuce wa'adi biyu a faɗin yankin. Togo da Gambiya suka ƙi, aka naɗe takardar.

Daga wannan lokaci abubuwa suka fara zamewa, kuma ba laifin shugabanni kaɗai ba ne. Kuɗin tafiyar da yawancin manyan ƙungiyoyin daga Turai da Amurka yake zuwa, tarurrukansu a otal ake yi, rahotanninsu da harshen da direban tasha da mai sayar da albasa ba sa karantawa ake rubuta su. Wasu jagororin kuma sun tsallaka: Fayemi ya zama gwamnan Ekiti, Marou Amadou ya zama ministan shari'a. Shiga gwamnati ba laifi ba ne, amma a 2018 gwamnatin da Marou ke ciki ce ta tsare 'yan fafutuka Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, ECOWAS ba ta ce uffan ba. Da Alpha Condé da Alassane Ouattara suka yi wa'adi na uku a 2020, nan ma shiru. Saboda haka da sojoji suka karɓe Mali da Gini da Burkina Faso, ECOWAS ta zo da takunkumi, jama'a da yawa suka tambaya ina take jiya. Ƙungiyoyin da suka shekara ashirin suna jingine da ita, tambayar ta shafe su.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar ya fito da ɓarakar fili. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, aka fara maganar tura sojoji. Kasuwannin Illela da Jibiya da Maigatari suka yi tsit, motocin kaya suka yi layi, abinci da magani suka yi tsada a ɓangarorin biyu. A Yamai ƙungiyoyi irin su M62 suka goyi bayan sojoji, wasu suka yi gum. A wannan tsaka mai wuya, waɗanda aka buɗe wa ƙofa ba masu rajista da tambari ba ne. Khalifa Muhammadu Sanusi II ya gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, a watan Agusta, bayansa tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je ta dawo da saƙo. Sanatocin Arewa, 'yan kasuwa da limamai a huɗubobin Juma'a suka ce ba a yaƙi da ɗan'uwa. Wannan zumunci na almajirci da fatauci da auratayya ya girmi ECOWAS da ɗaruruwan shekaru, amma da wuya a ga sunansa a jerin mahalarta taron WACSOF.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe: Mali da Burkina Faso da Nijar sun kafa ƙawancensu na AES tun Satumbar 2023, ficewarsu daga ECOWAS kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ficewar ta haɗa da kotun Abuja da yarjejeniyar Dakar. Moussa Tchangari, wanda gwamnatin farar hula ta tsare a 2015 da 2018, an sake kama shi a gidansa a Yamai a Disambar 2024, wannan karon a zamanin soja, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi na ciki da wajen yankin sun fitar da sanarwoyi suna neman a sake shi.