Hukuncin Mallakar Ƙaramar Madatsar Ruwa da Lamunin Ɓarnarta

Tambaya: A ƙauyenmu da ke ƙasar Fagam, ƙaramar hukumar Gwaram, jama'a sun haɗa kuɗi da aikin gayya sun datse wani rafi a gefen gonar wani mutum. Yanzu ya ce dam ɗin nasa ne, yana karɓar kuɗi a hannun makiyaya, ga shi bangon ya fara tsagewa. Wa ke da ruwan? Idan ya ɓalle, wa zai biya?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Asali dai ruwan rafi na kowa ne. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke nuna tarayyar Musulmi cikin ruwa da ciyawa da wuta. A mazhabar Malikiyya, wanda ya tara ruwa da ƙarfinsa a cikin mallakarsa yana iya sayarwa, sai dai ba ya hana wanda ake tsoron halakarsa. Amma wannan dam da kuɗin jama'a da guminsu aka gina shi, don haka na jama'a ne. Idan mai gonar ya ba da wurin kyauta ko wakafi, ba shi da damar komawa. Idan bai bayar ba, haƙƙinsa shi ne a biya shi diyyar filinsa, ba ya riƙa karɓar kuɗi kan shan mutane da dabbobi ba.

Wajen amfani, shan mutane ke gaba, sai dabbobi, sannan ban ruwan lambu. Na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon buƙata ya saki ga na ƙasa, kamar yadda Annabi (SAW) ya hukunta tsakanin Zubairu da wani Ba'ansare a hadisin Bukhari.

Game da tsagewar, malamanmu sun yi bayanin bangon da ya karkata: idan aka gargaɗi mai shi, ya sami lokacin gyara amma ya yi sakaci, to lamunin abin da ya halaka yana kansa. Haka nan madatsa. Wanda ke riƙe da ita, mutum ne ko kwamiti ko hukuma, shi ke da nauyin gyara. Ba ya halatta mutum ya ce nasa ne lokacin karɓar kuɗi, ya ce na Allah ne lokacin ɓarna. Amma idan an kula yadda ya kamata, ambaliya ta fi ƙarfi, babu lamuni.

Kada a raina tsaga. Suratu Saba'i ta ambaci ambaliyar da ta lalata gonakin mutanen Saba'i. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988, na Alau kuma ya mamaye Maiduguri a Satumbar 2024.

Abin da ya wajaba a kanku kafin damina:

1. Ku gargaɗi mai riƙe da dam ɗin a gaban shaidu, ku sanar da dagaci da ƙaramar hukuma a rubuce.
2. A share mafitar rarar ruwa, kada ruwa ya bi ta kan bango.
3. A cire itatuwa da gidajen gara daga jikin bangon, a samo masani ya duba inda ruwa ke tsattsafowa.
4. A hana yara wanka a wuri mai zurfi, a faɗakar da mazauna gangare.
5. A rubuta yarjejeniyar mallaka, shaidu su sa hannu.

Idan jayayya ta ci gaba, alƙali ne zai raba.

Allah ne mafi sani.