Wa ya kawo wannan murya? Daga mai shela zuwa na'urar da ke kwaikwayon mutum



Kowa cikinmu ya san wannan. Ana zaune a fada ana jiran shayi na biyu, sai wani ya ɗaga salula ya ce: "Ku saurari wannan vokal." Murya ta fito, an ce ta wane ce, babban mutum ko wani malami. Kafin a wanke kofuna ta shiga grup goma. Ba wanda ya tambayi inda ta fito, tunda mun ji da kunnenmu. To jama'a, an shigo zamanin da kunne shi kaɗai ba ya isa shaida. Mu da muke cin abinci da murya a gaban mikoro, mun ga ya kamata mu koma baya mu duba yadda aka yi muka zo nan.

A da can, in sarki yana da magana ga talakawa, mai shela ake aikawa. Ya bi unguwa-unguwa, ya tsaya bakin kasuwa ya faɗi saƙo. Mutane suna yarda saboda sun san shi, sun san gidansu, sun san wanda ya aiko shi. In ya ƙara gishiri, kafin magariba an kama shi.

Sai radiyo ta zo. BBC ta fara magana da Hausa a watan Maris na 1957. A 1958, shekara biyu kafin samun ƴancin kai, aka buɗe Radiyo Nijar a Yamai, wadda daga baya, a 1974, ta koma Muryar Sahel. A karon farko mutum yana jin magana ba tare da ya ga mai yin ta ba. Amma ku duba dabarar da aka yi a ƙasar nan. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo. Ana tara mutanen gari da dare a saurari shiri tare, wani mai jagora, sau da yawa mushen lakwal, ya buɗe muhawara. Ana ɗaukar maganar manoma da makiyaya a manyeto, a aika Yamai, a sa ta a iska. Kenan mutanenmu sun koyi sauraren radiyo cikin taro, da tambaya da gardama. Bayan taron ƙasa na 1991 aka samu radiyoyi masu zaman kansu, sannan na karkara. Su ma kowace tana da suna, tana da ƙofa, in ta yi ƙarya an san inda za a same ta.

Akwai kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Waɗanda suka girma a gidan ɗan ci-rani sun tuna. Mutum yana Abijan, ko Legas, ko Libiya, bai iya rubutu ba, ko ba ya son mai rubuta wasiƙa ya san sirrinsa. Sai ya sayi kaset ya zauna ya yi magana: gaisuwa ga tsohuwa, a sayar da rago kaza, a biya wane bashinsa. Ya ba wani ɗan gari mai komawa gida. A sayo pil, a taru a tsakar gida, tsohuwa tana ji tana share hawaye. In wata magana ta yi nauyi, a juya a tambayi wanda ya kawo kaset ɗin: "Kai ka gan shi? Lafiyarsa ƙalau?"

Ku lura da abu guda. Daga mai shela har kaset, murya ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Kullum akwai wanda ya ɗauko ta, wanda za a iya riƙe wa riga.

Salula ta shigo mana a farkon shekarun 2000, ta kashe kasuwar telesantar. A 2013 WhatsApp ya ƙara saƙon murya. Wallahi wannan ya yi mana rana, domin wanda bai yi lakwal ba ya samu bakin magana: ɗan kasuwar albasa a Galmi, mai dabbobi a Abalak, uwar da ɗanta yake Aljeriya. Sai dai a nan ne mai kawo saƙo ya ɓace. Vokal tana yawo daga grup zuwa grup, ba suna, ba rana, ba gari. Abin da ya rage mana kawai shi ne mu ce: "Ai na gane muryarsa."

Wannan shaida ta ƙarshe ita ce yanzu na'ura ta taɓa. Don mu gane yadda aka yi, sai mun bar Nijar mun leƙa ƙasashen da aka ƙera abin, domin can ma tarihin yana da tsawo.

A 1877 Thomas Edison, a Amurka, ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maido ta. Wannan ajiya ce kawai, abin da ka faɗa shi za ka ji. A 1939, a babban baje kolin birnin New York, aka nuna wata na'ura mai suna Voder, wadda ke haɗa magana da kanta. Sai an horar da mace wata da watanni tana danna maɓallai da yatsu, tana taka feda da ƙafa, kafin ta fitar da jimla. Shekaru da dama bayan haka muryar na'ura ta kasance irin ta mutum-mutumi, ko yaro ya ji ya san ba mutum ba ne.

Abin ya canza da zuwan ƙirƙirarriyar basira, wadda ƴan lakwal ke cewa IA. Sunan ya fito tun wani taron masana a Dartmouth, a Amurka, a 1956, amma sai a shekarun nan ta yi ƙarfi. Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Ana ɗura wa ordinater maganar dubban mutane, ta yi ta saurare har ta gane yadda sauti ke bin sauti, inda ake numfashi, inda murya ke hawa da sauka. A 2016 kamfanin DeepMind na Landan ya fito da WaveNet, muryar na'ura ta fara kama da ta ɗan Adam. A Janairun 2023 Microsoft ya sanar da VALL-E, wanda ya ce daƙiƙa 3 na muryar mutum sun ishe shi ya kwaikwaye ta. Daƙiƙa 3, jama'a. Ko sallamar da muke yi a farkon vokal ta fi haka tsawo.

Ba a daɗe ba aka ga aikinta. A Sudan, bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wasu sautuka suka riƙa yawo a TikTok da sunan tsohon shugaba Umar al-Bashir. Binciken BBC ya nuna muryar wani ce aka juya da na'ura. A Janairun 2024, a jihar New Hampshire ta Amurka, dubban mutane suka samu kira da muryar shugaba Joe Biden ana ce musu kada su fita zaɓen fidda gwani. Ƙarya ce, kuma hukumar sadarwar ƙasar ta ci wanda ya shirya abin tarar dalar Amurka miliyan 6. A farkon shekarar dai, a Hong Kong, wani ma'aikaci ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskokin shugabanninsa, ya ji muryoyinsu, ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25, wajen miliyar 15 na sefa. Duk waɗanda ya gani na bogi ne. Mun saba cewa gani ya kori ji. Shi wannan ya ji, ya gani, kuma an cuce shi.

Wani zai ce ai na'urar ba ta iya Hausa ba. Gaskiya har yanzu tana tuntuɓe. Takan rikita kukan yaro da kukar miya, takan sa Ba'adare ya yi magana kamar Bakano. Amma kada mu jingina da wannan. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, kuma kullum muna ƙara zuba muryoyinmu a intanet. Mu ma'aikatan radiyo, da malamai masu wa'azi, da mawaƙa, da ƴan siyasa, mu ne muka fi sauƙin kwaikwayo, don awoyin maganarmu suna nan a fili.

Ba muna cewa abin duka sharri ba ne. Na'urar da ke jin magana ta amsa da magana tana iya taimakon manomin da ba ya karatu, ko makaho, ko mai neman fassarar takardar Faransanci. Amma ku auna ɗaya gefen. Dare ya yi, uwa ta samu vokal da muryar ɗanta: "Inna, an kama ni a hanya, a turo jikka ɗari yanzu-yanzu." Ko ana cikin zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya, sai ga muryar mai gari tana cewa a fito. Kafin a gano ƙarya ce, an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Akwai kuma wata illa: wanda ya faɗi magana da bakinsa gobe zai iya cewa na'ura ce.

Maganin yana cikin tarihin da muka ba ku: mu maido da mai kawo saƙo. In an nemi kuɗi da muryar ɗan uwa, a kashe, a kira shi a nimeron da aka sani. A tambaye shi abin da ƴan gida kaɗai suka sani, kamar sunan da kaka ke kiransa. In an ce babban mutum ya yi magana, a tambaya: a ina, yaushe, gaban wa, wace radiyo ta sa? Duk vokal da ke cewa "yi sauri, tura wa kowa", a dakata da ita. Fadojinmu su koma kamar kulob ɗin radiyo na 1962, a saurara tare, a samu mai cewa "tsaya tukuna". Kuma samari, ku zauna ku yi wa iyayenmu bayani, don su ne suka fi yarda da murya.

Mu ma a sitidiyo nauyi yana kanmu: kada mu sa wata vokal a iska sai mun kira mai ita ya tabbatar da bakinsa.

Ku faɗa mana, a gidanku wa ke fara tambayar inda vokal ta fito? Allah shi kare mu daga sharrin ƙarya, shi ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.